Malam Sifili da Bangon Ɗakin Kaka

A gidanmu ni ce mai ajiya. In ana neman takardar haihuwar wani, ko hoton Umma tana budurwa, ko katin asibitin da ya ɓace tun bara, ni ake ƙwalla wa kira. Cikin kayan da nake ajiye da su akwai wani littafin Baba mai baƙin bango, da ɗan katin ajiya na kwamfuta wanda bai kai farcen babban yatsa ba. Ranar da Baba ya ajiye aiki ya miƙo mini su, ya ce, "Ke da ba kya yar da komai, riƙe." Saboda su nake wannan rubutu.

Baba shi ne auta a cikin 'ya'yan Kaka biyar. Da gyaran rediyo ya fara, a wani ɗan shago da mutum biyu ba sa iya juyawa a ciki. Daga nan ya sami aiki a ɗakin gwaji na wata kwalejin fasaha, ya yi shekara talatin da ɗaya. Ba malami ba ne mai shiga aji, ko da yake kowa Malam yake ce masa. Shi ke buɗe ɗakin da safe, ya rataye wayoyi a ƙusoshinsu, ja daban baƙi daban, ya gyara abin da ɗalibai suka ƙona jiya domin su sami abin ƙonawa yau. Haka yake faɗa, yana dariya ƙasa-ƙasa.

Ɗalibai ne suka raɗa masa Malam Sifili. Dalili kuwa, bai taɓa auna komai ba sai ya fara auna babu. Zai kama wayoyin nan biyu da ke shiga na'ura ya haɗa bakinsu, ta yadda babu abin da ke shiga, sannan ya duba me za ta ce. In ta ce sifili, ya gyaɗa kai. In ta ce wani abu daban, ya rubuta a littafinsa. Ɗalibai masu saurin tafiya cin abinci sukan yi ta tsaki, shi kuwa sai ya ce, "Na'urar da ba ta iya cewa babu ba, ta yaya zan yarda da ita in ta ce akwai?" Halin ya biyo shi har gida. Umma takan ce ko shayi za ta zuba masa sai ya leƙa kofin tukuna.

Akwai wani akwati da ya fi so a cikin duk kayan aikinsa. Launin toka ne, girmansa kamar sandar sabulu biyu a haɗe, da ƙofofi takwas a gefe, kowace da ɗan sukurun da ake ɗaure waya. Ƙofa biyu sun ƙone, kwaleji ta cire shi daga kayanta, shugaban sashe ya ce wa Baba ya ɗauka in yana so. Ya kawo shi gida a aljihun riga kamar wanda ya tsinci ɗan tsako. Ina aji uku a sakandare na tambaye shi amfaninsa.

"Kin ga zafin rana?" ya ce. "Ba matakala yake hawa ba, gangara yake bi, a hankali a hankali. Haka nauyi, haka motsi. Ita kuwa kwamfuta ba ta san komai ba sai lamba. To, sai a samo ɗan ma'aunin da zai mai da zafin ko motsin ya zama 'yar wutar lantarki mai hawa da sauka. Wannan akwati sai ya riƙa leƙa wutar, ya rubuta lamba, ya sake leƙawa, ya sake rubutawa. Tafinta ne, ba wani abu ba."

Ban san wannan tafinta zai shigo maganar gidanmu ba.

Ɗakin Kaka shi ne na ƙarshe a tsakar gida, mai taga ɗaya. Kakanmu namiji, wanda ban riske shi ba, tela ne, kuma kekensa na ɗinki yana nan a ƙarƙashin tagar, lulluɓe da tsohon zane. Shekara hamsin da biyu Kaka ta yi a ɗakin nan. A nan ta yi goyon 'ya'yanta, a nan ta yi jinyar mijinta. Ni kuma tun ina shekara tara nake kwana a wurinta, ita a gadon ƙarfe, ni a katifa.

Tsagewar ta faro ne daga kusurwar taga ta gangaro wajen ƙasa. Da farko kamar zare take, muka rataya kalanda a kai. Wata rana Baffa, babban wan Baba, ya zo gaisuwa, iska ta ɗaga kalandar. Ya tashi ya zura makullin motarsa a ciki, bakin makullin ya shige.

"Inna, haɗa kayanki," ya ce.

"In haɗa in kai ina?"

"Gidana. Ɗaki yana nan a ƙasa, da banɗakinsa a ciki, da fanka sabuwa."

"Ɗakin da ko tari ba wanda ya taɓa yi a ciki? Kai dai Babba, tun kana yaro in ka ga ƙadangare sai ka ce kada ne."

"Inna, bango ne zai faɗo miki!"

"Ya girme ka, bai faɗo ba."

Baffa ba mugun mutum ba ne, tsoro ne ya kama shi, kuma in yana jin tsoro faɗa yake yi. Ya juya kan Baba. "Auta, kana cikin gidan nan kana kallo? Kai da ake ce wa mai ilimin na'ura?"

Washegari Baba ya zo da wata tsohuwar ɗalibarsa da ta zama injiniyar gini. Ta durƙusa ta gai da Kaka, ta ƙwanƙwasa bangon ciki da waje, ta sa aka tokare shi da katako, aka mai da gadon Kaka da katifata ɗaya gefen. Sannan ta ce tsagewa iri biyu ce. Akwai wadda ta yi tafiyarta ta tsaya, wannan cike ta kawai ake yi. Akwai wadda take kan tafiya, wannan ba a kwana kusa da ita. Ido ba ya rarrabe su, sai an auna na makonni.

"Kwana arba'in," in ji Baffa. "In ta motsa ko da kaurin gashin kai ne, Inna ta dawo wurina, kuma ba na son wata magana."

"Na yarda, Yaya," in ji Baba.

Ranar Alhamis Baba ya ɗaura kayansa. Ya kawo wani ɗan ma'auni kamar biro, mai sanda a ciki da ke shiga tana fita. Ya kafa jikinsa a wannan gefen tsagewar, bakin sandar a wancan gefen, ya rufe da ɗan murfin katako. In tsagewar ta buɗe, sandar za ta fito, wutar ta ƙaru. Ya ja waya zuwa ƙofa ta ɗaya a akwatin, ya haɗa masa batir da katin ajiya, ya saita shi ya riƙa leƙawa duk bayan daƙiƙa biyar. Kafin duk wannan, sai da ya haɗa bakin wayoyi ya auna sifilinsa. Sai kuma ya ɗauko wani ma'aunin irin na farko sak, ya kafa shi can gefe inda bango lafiyarsa lau, ya kai shi ƙofa ta biyu.

Kaka tana zaune a bakin gado tana kallo. "Auta, wancan na mene ne, can da babu ciwo?"

"Shaida ne, Inna."

"Oh, ni 'yasu! Bangon ma sai da shaida? Kotu muka buɗe?"

Amfanin shaidar ya fito tun kwana na biyu. Baffa ya biyo da rana tsaka, ya sa Baba ya buɗe masa kwamfuta. Sai ga wani layi yana hawa tun safe. Baffa ya dafe kai. "Ka gani ko? Kwana ɗaya tal!" Baba ya danna wani wuri, layi na biyu ya fito, na shaida, shi ma yana hawa kusan daidai da na farko. Ya ce rana ce ta gasa bango da ƙarfen ma'aunin, komai ya miƙe, kuma da yamma duka za su sauko. Abin dubawa shi ne abin da ya rage in an cire na shaida daga na tsagewa. Baffa ya ƙura wa layukan ido, ya ce shi dai tsutsa biyu kawai yake gani.

Kullum in Baba ya dawo aiki da yamma, kafin ya cire takalmi, sai ya shiga ɗakin Kaka ya zaro katin, ya kwashe lambobin, ya mayar. Kaka har ta saba. "Ga likitan bango ya iso. Mara lafiyarka ya yini lafiya, bai ce komai ba."

A makon farko wani abu ya dame shi. A layin tsagewar akwai wasu 'yan tsinaye da ke tashi farat ɗaya su koma, alhali layin shaida shiru. Ya zaci waya ce ta saki, ya ƙara ɗaure sukuru. Ya canza waya. Ya mai da ma'aunin ƙofa ta uku. Tsinayen suna nan. Sai ya zauna ya rubuta lokutansu a littafinsa, ya ga biyar ne kullum: da asuba, da azahar, da la'asar, da magariba, da isha. Ya ajiye biro. Ya tashi ya je ya tsaya gaban bangon. A gefen murfin katakon nan akwai wani wuri da fenti ya yi duhu ya yi sulɓi, faɗin tafin hannu. Ya ɗora nasa hannun a wurin, ya juyo ya kalle ni.

Na sunkuyar da kai. Na sani. Kusan shekara guda ke nan Kaka ba ta iya miƙewa daga kan darduma sai ta dafa bango, gwiwoyinta sun ƙi. Ta ja mini kunne cewa in na faɗa wa 'ya'yanta, ko murfin kwano ba zan gada a wurinta ba. Yanzu da aka kafa murfin a daidai wurin da ta saba dafawa, hannunta yana taɓa shi, akwatin kuma yana rubutawa. Baba bai tambaye ni ba, bai kuma ce mata komai ba a lokacin.

Ranar kwana na ashirin da uku, wata Juma'a, ya daɗe a gaban kwamfuta har shayinsa ya yi sanyi. Ya cire na shaida daga na tsagewa, ya share tsinayen, abin da ya rage bai kwanta ba. Ya hau, taku uku, jimlarsu wajen kashi ɗaya cikin uku na milimita. Ya koma ɗakin ya kwance wayoyi ya auna sifili. Daidai. Ya sake. Daidai. Ya sake na uku. Umma ta ce tunda take da shi ba ta taɓa ganin ya auna sifili sau uku ba. A ranar nan ya so ƙwarai a ce na'urarsa ce ke ƙarya.

Duk gidan babu mai iya karanta layukan nan sai shi. Ya ɗauki waya ya kira Baffa.

Suka zauna a kan benci a tsakar gida, kwamfutar a cinyar Baba. Ya nuna masa da bakin biro. "Ta motsa, Yaya. Nan, da nan, da nan."

Baffa ya cire tabarau ya goge, ya mayar. "Auta, ka san ni ban iya karanta tsutsar nan taka ba. Da ka ce mini ta tsaya, da na yarda."

"Na sani. Shi ya sa na kira ka."

Mun zaci Baffa zai ce a kawo mota. Sai ya ce, muryarsa ta sauka, "Arba'in muka ce. Saura goma sha bakwai. Katakon nan yana riƙe dai?"

"Injiniya ta ce yana riƙe."

"To, ta ƙarasa kwanakinta."

Baba da kansa ya shiga ya gaya wa Kaka. Ya durƙusa a gaban gadon kamar mai laifi. Ta saurare shi har ya gama, ba ta yi gardama ba. "Kai ba ka taɓa yi mini ƙarya ba, ko ranar da ka ƙona rediyon ubanka. Ba zan tsaya musu da akwatinka ba." Da yammar nan ta sa na sauko mata da akwatin kayanta, ta fara ninke zannuwa ɗaya bayan ɗaya. Ta tambaye ni ko keken ɗinkin zai shiga bayan motar Baffa. Na ce zai shiga, na fita waje don kar ta ga idona.

Washegari Asabar da safe, Umma tana tattara kayan wanki ɗaki-ɗaki, ta tarar da Baba a falo da littafinsa, yana magana shi kaɗai. "Lahadi. Lahadi. Lahadi."

"Malam, me Lahadi ta yi maka? Miƙo rigar nan da ke bayanka."

"Duk takun nan uku, ranar Lahadi suka faru. Sauran kwanaki shida ba ta motsi. Me bango ya sani game da Lahadi?"

Umma ta saɓa rigar a kafaɗa. "Bango dai ban san me ya sani ba. Ni dai Asabar nake wanki, kuma ruwan ta bayan ɗakin Inna yake bi."

Baba ya ɗago ya kalle ta kamar yau ya fara ganinta.

"Ajiye wankin nan," ya ce.

"Shekara ashirin da huɗu ina jiran ka faɗi haka."

Kafin azahar mai gyaran famfo ya fasa simintin da ke bayan ɗakin. Bututun da ke ɗaukar ruwan wanki ya tsage a ƙarƙashi, daidai gindin bangon, ƙasar wurin ta zama laka har hannu yana nutsewa. Duk Asabar ruwa ya jiƙa ta, kafin Lahadi ta yi laushi, bango ya ɗan zauna. Aka sa sabon bututu, aka karkatar da shi nesa da ginin. Baba ya soka ƙusa biyu dogaye a ƙasar, ya ja waya zuwa wata ƙofar akwatin don ya riƙa ganin yadda take bushewa. Injiniya ta zo ta duba, ta ce wataƙila shi ke nan, wataƙila kuma da saura. Kaka ba ta kwance kayanta ba.

Lahadi uku suka rage a cikin kwanakin. Ban taɓa ganin gida ya ji tsoron wata rana kamar yadda muka ji tsoron Lahadin nan ba. Ta farko ta wuce, layi a kwance. Ranar Asabar kafin ta biyu, Umma ta yi wanki har da labule da zannuwan gado, ta ce gara a gwada shi da kyau. A kwance. Ta uku, Baba bai iya cin abincin rana ba. Da yamma ya zaro katin, ya duba, ya rufe kwamfutar a hankali, ya ce wa Umma ko akwai sauran abinci.

Ranar kwana na arba'in Baffa ya zo, injiniya ma ta zo. Ta duba lambobin, ta ce tafiyar ta tsaya, a cike tsagewar a ƙarfafa gindin, amma a bar ma'aunin har damina ta wuce. Baffa ya leƙa kwamfutar ya ce, "Wannan kam ko ni na ga tsutsar ta kwanta." Ya shiga ɗakin ya tsaya a kan akwatin kayan Kaka. "Inna, a mayar da zannuwan nan ko?"

"Da ma ban ninke su don kai ba. Gyara nake."

Bayan sun tafi, Baba ya dawo da wani dogon ƙarfe mai santsi da na'urar huda bango. Kaka ta bi shi da kallo.

"Wannan kuma wane shaidan ne?"

"Ba shaida ba ne, Inna. Madafa ce." Ya nuna mata wurin da fenti ya yi duhu. "Sau biyar kullum akwatin nan yana gaya mini kin tashi da ƙyar."

Kaka ta juyo ta harare ni.

"Ba ita ba ce," in ji Baba. "Ko uffan ba ta ce ba."

"Ashe munafiki ka ajiye mini a ɗaki! Na zaci bango yake gadi, ashe ni yake wa leƙen asiri." Ta shafa gwiwarta. "Kar ka gaya wa Babba."

"Zan gaya masa, Inna. Amma sai na kafa wannan tukuna, don ya zo ya tarar an riga an gama. Kuma jibi za mu je asibiti, ni da shi da ke."

Ya sa ta zauna a kan darduma ta miƙa hannu inda ya fi mata daɗi, ya yi alama da fensir, ya auna, ya huda. Da ta kama ƙarfen ta miƙe tsaye ba tare da nishi ba, sai ta ce ya yi sanyi da yawa. Washegari ya naɗe shi da tsumma daga cikin ragowar yadin da ke aljihun keken ɗinkin.

Shekara uku Kaka ta ƙara a ɗakinta. A nan ta rasu, wata safiya, taga a buɗe. Bangon yana nan har yau, in ba an nuna maka ba ba za ka gane inda aka cike ba.

Hotunanta huɗu gare mu, kuma a dukkansu ta ɗaure fuska, don ba ta son hoto. Shi ya sa wani lokaci nakan kai wa Baba katin nan in ce ya buɗe mana. Yanzu idonsa ya yi rauni, sai ya matso da fuskarsa dab da kwamfutar. Ba layin tsagewar muke kallo ba, tsinayen nan muke bi, biyar-biyar, kwana arba'in, har zuwa ranar da aka kafa ƙarfen suka ɓace. Rannan ya tsaya a kan wata Talata, ya sa yatsa.

"Nan ta makara da la'asar, kusan minti arba'in. Ko lafiya?"

Na tuna. Ranar ce ƙawarta ta zo daga nesa, suka zauna a bakin gado suna ta dariya har Kaka ta riƙe ciki. Na gaya masa. Ya jawo littafinsa mai baƙin bango daga hannuna, ya nemo shafin ranar, ya rubuta a gefen lambobin da ƙaramin rubutunsa: ta yi baƙuwa.